Ku Bar Shaho Da Sheƙarsa

'Yan uwa Hausawa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi.

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kuma tun da rani ya sake kamawa ba mu ga amfanin ci gaba da yin shiru a kanta ba. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, tsuntsaye sukan shiga neman wurin kwanci a unguwanninmu. Shirwa ta tara ƙirare a kan ƙarfen sabis, shaho ya samu wani lungu a saman dogon bene, mujiya ta shige silin ɗin tsohon sito. Kuma duk shekara abu ɗaya ake maimaitawa. Yara su fito da danƙo, masu kiwon tattabaru su nemo mai hawa ya je ya zubar da ƙwai, wani kuma yana gefe yana jiran a sauko masa da 'ya'yan ya kai kasuwa. Da wasu matasanmu suka fara ɗaukar hoton tsuntsayen nan suna sakawa a zauren WhatsApp na ƙungiya, suna roƙon a ƙyale su, sai aka mai da su abin dariya. Wai ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wai kallon tsuntsu aikin Bature ne da ya rasa abin yi. Wai jama'a na fama da tsadar shinkafa su suna can suna ƙirga gashin shaho.

To mu muna tare da matasan nan, kuma za mu faɗi dalilanmu ba ɓoye-ɓoye. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu fara da masu cewa aikin banza ne na Turawa. Tsuntsun da ya fi jan 'yan kallo a biranen Turai da Amurka wani nau'in shaho ne, Larabawa na kiransa shahin, Turawa na ce masa feregirin. Girmansa kamar na hankaka ne, macen ta fi namijin da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ana samunsa a kowace nahiya in ban da yankin ƙanƙara na can ƙuryar kudancin duniya. Idan ya lula sama ya naɗe fikafikansa ya sako kai ƙasa zai kai sura, gudunsa kan wuce kilomita 300 a awa, wato ninki biyu na gudun da aka tsara wa jirgin ƙasan Ikko zuwa Badun. A cikin duk halittu masu rai ba a san wanda ya kamo shi gudu ba. Ba ya gina sheƙa irin ta sauran tsuntsaye. Yakan samu ɗan fili a gefen dutse mai tsawo ya tona ɗan gurbi a cikin tsakuwa, macen ta saka ƙwai uku ko huɗu, su yi ta karɓa-karɓar kwanci har wata guda da 'yan kwanaki, 'ya'yan kuma su fara tashi bayan kamar mako shida. Waɗanda ke kwanci a arewacin Turai da Asiya sukan gudo wa sanyi, wasunsu har gaɓar tekun Afirka ta Yamma suke isowa a lokacin hunturunmu.

Wajen shekarar 1960 masu kiwon tattabarun tsere a Birtaniya suka kai kuka ga gwamnati cewa shahon nan ya yi yawa, yana gama musu da tattabaru, a cire shi daga dokar da ta hana kashe shi. Gwamnati ta ce a fara ƙirgawa tukuna. Waɗanda suka yi ƙirgar a 1961 da 1962 'yan sa-kai ne, masu kallon tsuntsaye, a ƙarƙashin wani masani mai suna Derek Ratcliffe. Abin da suka gano ya girgiza kowa. Ashe tsuntsun da ake cewa ya yi yawa ƙarewa yake yi. Wuraren kwanci da dama sun zama kufai, inda kuma aka same shi, ƙwan fashewa yake yi a ƙarƙashin uwar. A 1967 Ratcliffe ya gwada ɓawon ƙwai na dā da aka adana a gidajen tarihi da na zamaninsa, ya nuna cewa ɓawon ya fara raguwa a kauri tun daga shekarun da aka soma fesa maganin ƙwari na DDT a gonaki. Ƙwaro ya ɗauki guba, ƙaramin tsuntsu ya ci ƙwaro, shaho ya ci ƙaramin tsuntsu, guba ta taru a jikinsa. Ita wannan guba an same ta a jikin mutane ma, har a cikin nonon uwa.

A gabashin Amurka abin ya fi muni, domin binciken da aka yi a 1964 bai samu ko mace ɗaya tana kwanci ba. A 1970 wani malamin jami'ar Cornell mai suna Tom Cade ya fara kiwon shahon a killace don a riƙa sakinsa, a 1972 Amurka ta hana fesa DDT, aka ci gaba da sakin dubbai. A 1983 aka ga ya dawo yana kwanci a kan manyan gadoji biyu na birnin Niyok, a 1999 kuma aka cire shi daga jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Shi shaho bai bambance dogon bene da dutse ba, ga kuma tattabarun titi sun ishe shi abinci, sai ya zama ɗan birni. Yau a Landan yana zama a kan bututun hayaƙin wata tsohuwar tashar lantarki da ke bakin kogin Thames, 'yan sa-kai kan kafa madubin hangen nesa a ƙasa, mai wucewa ya tsaya ya duba kyauta. A garin Derby tun 2006 aka yi masa dandamali a hasumiyar babbar majami'arsu, daga baya aka sa kyamara, 'yan makaranta na kallon ƙyanƙyasa a cikin aji.

Ku duba labarin nan da kyau. Guba na yawo a cikin abincin jama'a, kuma cikin waɗanda suka fara ankara da ita har da mutanen da suka saba ɗaga kai suna duba sheƙa, suka lura cewa bana ba kamar bara ba. Aikin da wasunmu ke kira na banza ke nan. Mu nan da ake sayar da fiya-fiya da shinkafar ɓera a kan tire kusa da mai tumatir, ake zuba wa wake da busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya lalace, ai mun fi su buƙatar masu lura.

Sannan tun yaushe kallon tsuntsu ya zama na Bature? Wanda ya yi karatun allo ya san cewa a Suratul Mulk aya ta 19 da Suratun Nahl aya ta 79 an jawo hankalinmu ga tsuntsaye a sararin sama, yadda suke shawagi babu mai riƙe da su sai Ubangiji. A Suratul An'am aya ta 38 an sanar da mu cewa su ma al'ummu ne kamarmu. A Suratun Nur aya ta 41 an lissafa su cikin masu tasbihi. Hankaka ne ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda ake binne gawa, alhudahuda ne ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin Saba'u. Littafin da ya ce mu duba yana hannunmu shekara dubu da ɗari huɗu da ɗoriya, amma yau wanda ya duba shi ake wa dariya a cikinmu.

A kan taɓa sheƙa kuwa magana ta fito fili. Abu Dawud ya rawaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'ya biyu na wata ƙaramar tsuntsuwa, ta zo tana ta kaɗa fikafikai a kansu, da Manzon Allah (SAW) ya ga haka ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da 'ya'yanta. Nasa'i ya rawaito gargaɗi cewa za a tambayi wanda ya kashe ko da ɗan gwara ne ba da haƙƙi ba. Marubuta tarihi sun kawo cewa Amru ɗan Asi, da zai tashi daga sansaninsa a Masar zuwa Iskandariya, ya tarar da kurciya ta yi sheƙa a kan tantinsa, sai ya ce a bar tantin a tsaye. A wurin aka kafa garin Fusɗaɗ, wanda yanzu yake cikin tsohuwar Alƙahira. Wanda ya je Santambul zai ga ƙananan gidajen tsuntsaye da aka sassaƙa da dutse a jikin bangon masallatan Daular Usmaniyya. Alhazanmu sun ga tattabarun Harami, sun san ba mai iya ɗaga musu hannu.

Ko a gida ma, wa ya koya wa kakanninmu cewa idan shamuwa ta sauka damina ta matso? Kallo ne ya koya musu. Shekara da shekaru suna lura da ita tana zuwa kafin ruwan farko, tana sheƙa a kan tsamiya da kuka a tsakiyar gari, kuma babu yaron da ya isa ya jefe ta. Karin maganarmu cike take da tsuntsaye saboda waɗanda suka ƙirƙire ta masu lura ne. Wanda ya fara cewa ungulu ba ta jewar banza ai ya daɗe yana kallon ungulu. Yaron da aka haifa a Agege ko Sabon Badun yau yana jin waɗannan kalmomi a bakin kakarsa, amma ka tambaye shi bambancin shaho da shirwa, ko ka ce ya nuna maka zalɓe, sai ya yi zuru. Harshen ma tafiya yake yi tare da tsuntsayen.

Yanzu mu juyo ga 'yan uwa masu kiwon tattabaru da kaji, domin su ne ke da ƙorafi mai tushe. Ba mu ce shaho ba ya ɗaukar tattabara ba. Yana ɗauka, abincinsa ne. Mun san akwai tattabarar da kuɗinta ya fi na akuya, mun kuma san zafin mutum ya raini tsuntsu tun yana ƙwai a fyauce shi a kan idonsa. Amma a yi lissafi na gaskiya. Duk mai kiwon da zai ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya ya san cewa abin da cuta ke kwashe masa a mako guda idan ta shigo ɗaki, shaho ba zai ɗauki kwatankwacinsa ba a shekara. Ga muzuru, ga gafiya da ke shan ƙwai da dare, ga ɓarawo mai ƙafa biyu, ga wayar lantarki. Shaho dai shi ake gani da rana tsaka, shi ya sa laifin kowa ke komawa kansa.

Kuma zubar da ƙwan ba ya magance komai. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin Birtaniya da kanta ta ba da umarnin harbe shahon nan a 1940, saboda tattabarun da ke kai saƙon soja. Sun kashe ɗaruruwa. Da aka gama yaƙi, cikin 'yan shekaru wasu suka dawo suka zauna a duwatsun da aka share. Matuƙar akwai wurin zama mai tsawo da abinci a kusa, ka kori wannan wani zai maye gurbinsa. Abin da ke aiki shi ne abin da iyayenmu mata suka sani tun a ƙauye: a kife 'yan tsaki a akurki, a rufa wa ɗakin tattabaru raga ta sama, a rage sakinsu da sassafe da kuma dab da magariba a makonnin da shaho ke ciyar da 'ya'yansa, domin a lokutan nan ya fi farauta. Mako shida ne zuwa bakwai. Kuɗin raga bai kai ladan da ake ba mai hawa ƙarfen sabis ba, balle kuɗin asibiti idan ya faɗo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mun san wani zai ce ai shirwa da hankaka suna cikin dabbobi biyar da hadisin Bukhari da Muslim ya halatta kashewa ko a cikin Harami. Haka ne, ba mu musa ba. Amma a karanta a hankali. Babu shaho a cikin biyar ɗin, babu ungulu, babu mujiya. Kuma Risala da muka karanta a zaure, a babin aikin hajji, ta ɗaure maganar a kan wanda ake tsoron cutarwarsa daga cikin hankaki da shirwa kaɗai. Izini ne na tunkuɗe cuta. Shirwar da ke kwanci a kan ƙarfe mai tsawon bene goma, wadda yawancin abincinta tarkacen mayanka ne da fara da mataccen ɓera, wace cuta ta yi wa yaron da ya bar makarantar allo ya je yana harbinta don nishaɗi? A kai tambayar gaban malamai, mun yarda da abin da za su ce.

Ga masu ganin tsuntsu ba ya ƙarewa, muna da tambaya ɗaya: ina ungulu? Duk wanda ya kai shekara arba'in a cikinmu ya taso ya ga ungulu jere a kan rufin kwata, a Kano, a Zariya, a Sakkwato, har nan Kurmi. Mahauta na korarta tana dawowa. Yau je ka mayankar Oko-Oba a Agege ko ta Badun ka wuni, balbela za ka gani da hankaka da shirwa. Ba wanda ya sanar da ranar da ta tafi, don ba wanda ke ƙirgawa. A 2015 hukumar duniya da ke tantance halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa nau'i huɗu na ungulun Afirka a matakin ƙarshe kafin ɓacewa, ciki har da wadda muka saba gani a kwata. Ita ungulu ƙwai ɗaya take sakawa a shekara. Idan ka kashe uwa guda, ka kashe zuri'ar shekaru.

A nan ne maganar ta zo kanmu, kuma ba za mu kauce mata ba. A yankinmu na Afirka ta Yamma babban abin da ke cinye ungulu shi ne fataucin kanta da ƙafafunta da gashinta don haɗa asiri. Masu bincike da suka zagaya kasuwanni sun tarar cewa da ta yi ƙaranci a Najeriya, sai aka koma shigo da ita daga Nijar da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashen maƙwabta. A farkon 2020 an sa wa ungulu fiye da 2,000 guba a Gini Bisau, aka tsinci da yawa an yanke musu kai. Masu saye sun fito daga kowace ƙabila da kowane addini: ɗan caca mai neman lamba, ɗan siyasa mai neman kujera, ɗan kasuwa mai neman farin jini. Amma a cikin masu farautowa da masu dakon kayan daga Arewa zuwa kasuwannin magani na Kurmi, akwai 'ya'yanmu. Mun san su, suna sauka a unguwanninmu, suna salla a sahunmu. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Wanda yake ganin tafiyar ungulu ba asara ba ce ya tambayi Indiya. Daga shekarun 1990 ungulunsu ta fara mutuwa saboda wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna diclofenac, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen. Cikin shekara goma sha wani abu fiye da kashi 95 cikin 100 suka ƙare. Sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu sun fitar da bincike a 2024 da ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Cikin ungulu na da ruwa mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. Ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi. Mu da sana'ar da yawanmu ta rataya a kan shanu da fawa da fata, mu ne ya kamata mu fi kowa kuka da rashinta.

Sannan a duba ta fuskar addini. Musulmin da ya yarda cewa kan ungulu zai buɗe masa gaibu ko ya jawo masa kasuwa, ina ya ajiye tauhidinsa? Muslim ya rawaito cewa wanda ya je wa boka ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Shi kuma mai kai wa bokan kayan aiki, a wane layi yake? Ɗan kuɗin da ake samu ungulu da kan zabo ne, a waje riba, a ciki asarar duniya da lahira.

Ga kuma doka. Tun 1985 Najeriya ke da dokar kare dabbobi da tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa, an yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. A shekarar ce kuma taron ƙasashen duniya ya amince da hana fataucin aku mai jan wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. A 2025 jami'an kwastam sun kama tsuntsaye fiye da 1,600 a filin jirgin saman Legas ana shirin fitar da su zuwa Kuwait. Idon hukuma ya buɗe a kan harkar. Mu kuwa mun san yadda abin yake a nan: idan aka kama mutum ɗaya daga cikinmu da buhun kawunan ungulu, jarida ba za ta ce wane ɗan wane ba, Hausawa za ta ce. Sauran wuraren da ungulu ta rage a Kudu, da yawansu garuruwa ne na ƙasar Ibo da Neja Delta inda al'ada ta hana taɓa ta. Ranar da aka kama baƙo yana zuba mata guba a irin garin nan, mai shayi da mai gyaran takalmi da ba su ji ba su gani ba su ne za su biya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma mu a Kurmi idan ɗaya ya ja ruwa, duk zango ne ke jiƙewa.

Ita ma mujiya haka muke mata. Da an ji kukanta a kan rufi sai a ce mayya ce, a fito da sanda da wuta, alhali hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya kore camfi da ita. Farar mujiyar da ke shiga sito tana cin ɓera uku ko huɗu a dare ɗaya, idan tana da 'ya'ya kuwa abin ya ninka. A ƙasar Malesiya manoman kwakwar manja akwatuna suke kafa mata a gona don ta zauna ta rage musu ɓera. Mu nan muna da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci, kuma jihohin Ondo da Edo na cikin waɗanda ya fi addaba duk rani. Mai sito cike da buhunan wake da masara ya kashe mujiya, ya sayo shinkafar ɓera ya barbaɗa kusa da abincin da zai sayar wa mutane, ɓeran da ya ci guba ya fita waje shirwa ta ɗauka ita ma ta mutu. Wannan wace irin dabara ce?

'Yan uwa, idan akwai al'ummar da ya kamata ta ji tausayin mai sheƙa a cikin birni, mu ne. Mun san yadda ake kwana da fargabar rusau. Mun san yadda mutum ke fita nema da safe ya dawo ya tarar katafila ta bi ta kan rumfarsa. Tsuntsun nan shi ma daji ya ƙare masa, an sare itatuwa an cike fadamu an yi gini, ya zo ya raɓa a gefen bene yana neman abin da zai kai wa 'ya'yansa. Bai kamata a ce hannunmu ne ke wargaza masa gida ba.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba abu ne mai tsada ba. Iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, Allah ya ƙara muku lafiya, muna roƙo ku yi shela cewa ba a sauke kayan ungulu ko mujiya ko 'ya'yan shaho a zangonmu, wanda aka samu da su a fara yi masa nasiha, in ya ƙi a tsame hannu daga lamarinsa. Masu maganin gargajiya na gaskiya ba a raba su da sana'arsu ba. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta yi shekaru tana zama da masu magani a kan komawa ga saiwa da ganye a madadin sassan ungulu, ƙofa a buɗe take. Malamanmu da limamai, huɗuba ɗaya a shekara a kan haƙƙin dabbobi ba za ta gagara ba, ga Asabar ta farko a watan Satumba da duniya ta ware don tunawa da ungulu, sai a yi a Juma'ar da ke gabanta. Iyaye, a karɓe danƙon nan, ko ba don tsuntsu ba, don idon ɗan maƙwabci da gilashin motar mutane. Masu gidaje da kwamitocin masallatai, idan an tarar da sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya a hasumiya ko a tankin ruwa, in gyaran ba na gaggawa ba ne a jinkirta shi har su tashi.

Ku kuma matasa masu kallo, ku ci gaba, amma ku yi da ilimi. Ku tsaya nesa, kada ku hau, domin uwar da aka tayar daga kan ƙwai da rana tsaka tana iya rasa su. Idan kun sa hoto kada ku faɗi ainihin ginin, akwai masu karantawa da wata niyya. Ku samu littafi ku riƙa rubuta ranar da kuka fara ganin kwanci, da ranar da 'ya'ya suka leƙo, da ranar da suka tashi, da adadinsu. Ku zauna da tsofaffi ku rubuta sunan kowane tsuntsu da Hausa tun masu sanin suna raye. Najeriya na da nau'in tsuntsaye fiye da 900, kuma akwai shirin ƙirga su na ƙasa baki ɗaya da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta tun 2015, da wayar hannu ake shiga, kuma akwai matasan Arewa da dama a ciki. Na Ikko ku leƙa gandun Lekki da NCF ta buɗe a 1990, na Badun akwai ƙungiyar masu kallon tsuntsaye da ke fita a gonar IITA. Ku je da ƙannenku. Yaron da ya taɓa ganin shaho na yaga nama yana sa wa ɗansa a baki, da wuya ya sake ɗaga masa danƙo.

Masu dariya kuma muna gayyatarku. Ku fito bayan sallar asuba, kafin hayaniyar motoci ta tashi, ku tsaya minti goma ku ɗaga kai. In kun gani ba ku ƙaru da komai ba, ku dawo nan ƙasan rubutun ku faɗa mana, za mu amsa. In kuma akwai mai hujjar da ta fi tamu, daga littafi ko daga sana'a, ya kawo ta a fili.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ya sa a ƙarƙashin hannunmu, ya kare mu da iyalanmu a inda muke neman halaliyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.